Radiyom a ruwan famfo: yadda dutse ke shiga ƙashi

Idan aka tari ruwa daga famfo a kofin gilashi, aka ɗaga shi wajen haske aka ga ya yi garau, babu laka, babu wari, babu ɗaci a harshe, yawancin mutane sun gama yanke hukunci cewa ruwan mai kyau ne. Wannan hukunci yana aiki a kan dattin da ido ke gani, amma ba ya aiki ko kaɗan a kan radiyom, domin radiyom ba shi da launi a cikin ruwa, ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano, kuma adadin da ake magana a kansa ya yi ƙanƙantar da babu sikelin da zai ɗauke shi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, sau da yawa ruwan da ya fi kowane tsabta a ido, wato wanda aka haƙo daga can ƙarƙashin ƙasa inda ƙazantar mutane da dabbobi ba ta kaiwa, shi ne ya fi yiwuwar ɗauke da wannan sinadari.

Radiyom wani ƙarfe ne da ke fitar da tururin nukiliya da kansa, ba tare da an kunna shi ko an taɓa shi ba. Marie Curie da mijinta Pierre Curie ne suka gano shi a birnin Paris a shekarar 1898, bayan sun yi ta fama da tarin dutsen yuraniyom suna neman abin da ke sa shi fitar da tururi fiye da yadda yuraniyom kaɗai zai iya. Ba masana'anta ce ta ƙera shi ba, kuma ba sai an gina tashar nukiliya a wuri ake samunsa ba. Yuraniyom da toriyom suna nan barbaje cikin duwatsu da ƙasa tun fil azal, kuma ƙwayoyin zarrarsu ba su da natsuwa, suna rushewa sannu a hankali su rikiɗa zuwa wasu sinadarai, waɗannan ma su rushe su haifi wasu, har jerin ya ƙare a kan dalma. Radiyom zango ɗaya ne a cikin wannan doguwar tafiya.

Iri biyu ne suka fi damun masu kula da ruwan sha. Radiyom-226 jikan yuraniyom ne, kuma sai an yi shekara 1,600 kafin rabin adadinsa ya rushe, wanda ke nufin a ma'aunin rayuwar ɗan Adam kusan ba ya raguwa. Idan ya rushe yana harba abin da masana ke kira ƙwayar alfa, sannan ya koma iskar radon. Radiyom-228 kuwa ɗan toriyom ne, rabinsa na rushewa cikin shekara biyar da wata tara, kuma ƙwayar beta yake harbawa. Akwai na uku, radiyom-224, wanda rabinsa ke ɓacewa cikin ƙasa da kwana huɗu, kuma wannan gajeren wa'adi nasa ya daɗe yana yaudarar masu gwaji, domin idan aka ɗebi ruwa aka ajiye shi makonni kafin a auna, an riga an rasa shi, alhali mai famfo yana shan sa tun yana da ransa. Wannan ne ya sa jihar New Jersey ta Amurka ta wajabta a yi gwajin tururin alfa cikin awa 48 da ɗiban ruwan.

Kasancewar radiyom cikin dutse ba ya nufin dole ya shiga ruwa, kuma nan ne ilimin ya fi daɗin bibiya. Hanya ta farko ita ce ta tokara. Lokacin da ƙwayar toriyom da ke bakin wani tsagi na dutse ta harba alfa, abin da ya rage daga gare ta, wato sabon radiyom, yana yin baya da ƙarfi kamar yadda bindiga ke tokarar kafaɗar maharbi, sai ya fice daga jikin dutsen ya faɗa cikin ruwan da ke kwance a tsagin. Daga nan kuma yanayin ruwan ne ke yanke hukunci ko zai zauna cikinsa ko zai koma ya manne. A ruwan da ke da wadatar iskar oksijin, ƙarfe da manganis suna yin wata tsatsa da ke lulluɓe ƙwayoyin yashi, kuma radiyom yana liƙewa a jikin wannan tsatsa kamar ƙuda a danƙo. A ruwa mai zurfi da ya shekara dubbai bai haɗu da iska ba, tsatsar kan narke, radiyom ya rasa wurin kamawa, sai ya yi ta yawo cikin ruwan. Haka kuma idan ruwan yana da gishiri da ma'adanai da yawa, sauran sinadarai irin su kalsiyom da bariyom suna rige shi kama wuraren mannewa. Idan kuwa ruwan yana da tsami, mannewar ce ke yin rauni gaba ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a kudancin New Jersey an lura cewa takin zamani da ake zubawa a gonaki yana ƙara taimaka wa radiyom ya saki yashi ya bi ruwan rijiyoyi marasa zurfi.

Saboda haka matsalar radiyom kusan kacokan ta ruwan ƙarƙashin ƙasa ce. Ruwan kogi da na tafki da na madatsa ba kasafai yake ɗauke da shi da yawa ba. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta wallafa wani nazari a 2012 a kan rijiyoyi sama da 1,200 daga manyan ma'ajiyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, ta tarar kusan kashi 3 cikin 100 sun haura iyakar radiyom da doka ta yarda da ita a ruwan sha, amma a wasu yankuna, musamman tsohon dutsen yashi da ke ƙarƙashin jihohin Illinois, Iowa, Wisconsin da maƙwabtansu, da kuma gaɓar tekun Atlantika ta arewa, abin ya wuce kashi 20. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa matsalar ba a raba ta daidai ba. Gari biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya yana shan ruwa mai radiyom ɗaya ba ya sha, don kawai rijiyar burtsatsen ɗaya ta huda wani shimfiɗin dutse da ɗayar ba ta kai ba.

Hannun mutum ma yana ciki, ko da yake bai kai na halitta yawa ba. Ruwan gishirin da ke fitowa tare da man fetur da iskar gas daga rijiyoyi masu zurfi yana ɗauke da radiyom mai yawa. A 2013 masu bincike na Jami'ar Duke sun auna lakar wani rafi a yammacin jihar Pennsylvania, daidai inda wata cibiyar tace irin wannan ruwa ke zubar da abin da ta tace, suka samu radiyom ya ninka na saman rafin kusan sau 200. Ruwan da ake zuƙewa daga ramukan kwal na yankin Silesiya a ƙasar Poland, da tarin sharar masana'antun takin fosfet a Florida, duk suna da irin wannan tarihi.

To me ke faruwa idan mutum ya sha? Tururin alfa ba shi da nisan zango. Takarda guda na tsayar da shi, haka ma matacciyar fatar da ke saman jikin mutum, shi ya sa wanka da wanki da ruwa mai radiyom ba su ne abin damuwa ba. Damuwar tana farawa ne idan ya shiga ciki, inda babu fatar da za ta tare shi. Kusan kashi 80 cikin 100 na radiyom ɗin da aka haɗiye yana fita ta bayan gida ba tare da ya shiga jini ba. Ragowar kashi 20 kuwa hanji na tsotse shi, kuma a nan ne jiki ke yin kuskuren da shi ne tushen dukkan matsalar. Radiyom da kalsiyom 'yan gida ɗaya ne a jadawalin sinadarai, halayensu sun yi kama, kuma kalsiyom shi ne tubalin da jiki ke gina ƙashi da haƙora da shi. Idan radiyom ya iso cikin jini, jiki ba ya iya bambance baƙo da ɗan gida, sai ya kai wani kaso nasa cikin ƙashi ya gina shi a ciki. Wani ɓangare na fita a hankali, amma wanda ya nutse cikin ƙashi yana iya zama shekaru masu yawa, yana harbin ƙwayoyin halittar da ke kewaye da shi, na fuskar ƙashi da na ɓargo, daga tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Alfa ba ta tafiya nesa, amma duk ƙarfinta tana sauke shi ne a wannan ɗan taƙin, kuma idan ta ratsa ƙwayar halitta tana iya tsinka duka igiyoyi biyu na sinadarin gado, wato DNA, a lokaci guda, irin tsinkewar da jiki ke shan wahalar ɗinkewa daidai. Ɗinkin da ya karkace shi ne wani lokaci ke zama mafarin cutar daji bayan shekaru.

Ba a ɗakin gwaje-gwaje aka fara koyon wannan darasi ba, a jikin mutane aka koye shi. Daga 1917, 'yan mata da yawa sun yi aikin shafa fenti mai radiyom a fuskar agogo domin lambobin su riƙa haske cikin duhu, a garin Orange na New Jersey, daga baya kuma a Ottawa ta Illinois da Waterbury ta Connecticut. Lambobin ƙanana ne, saboda haka an koya musu su riƙa lasar bakin buroshi da leɓe domin ya yi tsini, su tsoma a fenti, su shafa, su sake lasa, ɗaruruwan lokuta a yini. Bayan 'yan shekaru haƙora suka fara zuba, ramin haƙorin da aka cire ya ƙi warkewa, ƙashin muƙamuƙi ya riƙa ruɓewa yana gutsurewa a hannun likitan haƙori, jini ya ƙare a jikin wasu, wasu ƙafa ta karye suna tsaye. A 1925 likita Harrison Martland ya nuna cewa radiyom ne a ƙashinsu, har ya auna iskar radon a numfashin waɗanda ke raye. Ɗaya daga cikin masu fentin, Grace Fryer, da abokan aikinta huɗu sun kai ƙarar kamfanin, aka sasanta a 1928 a kan dala 10,000 ga kowacce da dala 600 duk shekara. A daidai wannan zamani ana sayar da ruwan radiyom a kwalba da sunan maganin ƙarfin jiki, kuma attajiri Eben Byers ya sha kusan kwalba 1,400 na wani mai suna Radithor kafin ya mutu a 1932, bayan an cire masa yawancin muƙamuƙinsa.

Masana sun bi diddigin dubban irin waɗannan mutane tsawon shekaru gommai, musamman Robley Evans na jami'ar MIT, sannan cibiyar bincike ta Argonne. Cututtuka biyu ne suka fito fili: sankarar ƙashi, da sankarar kogunan hanci da na ƙashin bayan kunne, inda iskar radon da radiyom-226 ke haifarwa take taruwa. A kan wannan hujja ne hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya radiyom-224 da 226 da 228 a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji.

Sai dai duk wanda ya ba da labarin masu fentin agogo ya tsaya nan, ya bar mai karatu yana kallon famfonsa da fargaba, bai yi adalci ba. Dole a kawo lissafi. A Amurka ana auna radiyom da ma'aunin pikokuri, kuma iyakar doka ita ce pikokuri 5 a kowace lita idan aka haɗa radiyom-226 da 228. Pikokuri 5 na nufin a cikin lita guda kusan ƙwayoyin zarra goma sha ɗaya ne ke rushewa a kowane minti. Idan radiyom-226 ne zalla, nauyinsa kashi biyar ne cikin tiriliyan na giram ɗaya. Kowace kwalbar Radithor kuwa tana ɗauke da aƙalla pikokuri miliyan biyu. Mutumin da ke shan lita biyu a kullum na ruwan da ke daidai kan iyakar doka, sai ya yi fiye da shekara 500 yana sha kafin ya haɗiye abin da ke cikin kwalba ɗaya tak. Saboda haka babu wanda muƙamuƙinsa zai ruɓe don ruwan famfo, kuma babu wanda zai sha yau ya kwanta gobe. Abin da ake magana a kai shi ne ɗan ƙarin yiwuwar kamuwa da cutar daji bayan shan shekaru masu yawa, kuma ƙiyasin Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ya sanya shi a wajajen mutum ɗaya cikin 10,000 ga waɗanda suka sha ruwa mai pikokuri 5 tsawon shekara 70.

Wannan adadi ƙiyasi ne, ba ƙidayar gawarwaki ba, kuma yana da kyau a san yadda aka same shi. A cikin masu fentin agogo ba a ga sankarar ƙashi ba sai a waɗanda ƙashinsu ya sha tururi mai yawa ƙwarai, abin da ya sa Evans ya yi ra'ayin cewa akwai wani mizani da idan ba a kai shi ba cutar ba za ta bayyana ba cikin tsawon ran mutum. Hukumomin kare lafiya ba su ɗauki wannan ra'ayi ba. Sun ɗauki ƙa'idar da ke cewa kowane ɗan tururi yana da nasa ɗan haɗari, kuma haɗarin na ƙaruwa daidai da ƙaruwar adadin, babu matakin da za a ce daga nan zuwa ƙasa babu komai. Binciken da aka yi kai tsaye a kan masu shan ruwan bai raba gardamar ba. Wani nazari a lardin Ontario na Kanada a 1994 ya ga alaƙa tsakanin radiyom a ruwan gidan da aka haifi yaro da mutuwa daga sankarar ƙashi, wani kuma a Wisconsin a 2002 bai ga alaƙar ba. Ba abin mamaki ba ne, domin sankarar ƙashi cuta ce da ba ta da yawa, kuma neman ƙarin mutum ɗaya cikin 10,000 a al'ummar da cutar daji ke kama mutane da yawa saboda wasu dalilai aiki ne da lissafin ƙididdiga ba ya iya gamawa cikin sauƙi. A ganina, hukumomin sun yi daidai da suka zaɓi ɓangaren taka-tsantsan, domin ruwa ba kamar taba ba ne da mutum zai ce ya daina, kowa na sha, kullum, tun daga ranar haihuwa.

Maganar haihuwa kuwa ita ce wurin da matsakaicin lissafi ke ɓoye gaskiya. Jikin da ke gina ƙashi da sauri ya fi ƙwazon tsotse kalsiyom daga hanji, kuma duk abin da ya yi kama da kalsiyom yana bin sahu. Jarirai, da samari da 'yan mata masu tasowa a shekarun da tsayi ke zuwa musu gaba ɗaya, suna karɓar tururi ninkin abin da babba ke karɓa daga adadi ɗaya na radiyom, kuma ga jariri bambancin ya haura ninki goma. Jaririn da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan famfo shi ne ya fi kowa shan ruwa idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, kuma shi ne ke da sauran shekaru mafi yawa da cuta za ta samu lokacin bayyana.

Idan aka dubi iyakokin da ƙasashe suka sa, za a ga cewa ba wata katanga ce tsakanin lafiya da guba ba. An kafa iyakar Amurka tun 1976 a ƙarƙashin dokar ruwan sha ta 1974. A 1991 an kawo shawarar a sassauta ta zuwa pikokuri 20 ga kowane irin radiyom, amma ba a amince ba, kuma a Disambar 2000 aka tabbatar da 5 ɗin, tare da bayyana cewa burin lafiya na ainihi shi ne sifili. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da ma'aunin bekarel, wanda ke nufin rushewar ƙwaya ɗaya a daƙiƙa, kuma pikokuri 5 daidai yake da bekarel 0.185. Shawararta ita ce bekarel 1 a lita ga radiyom-226 da bekarel 0.1 ga radiyom-228, wato ta fi Amurka sassauci a kan na farko, ta kuma fi ta tsanani a kan na biyu. Tarayyar Turai ta sa 0.5 da 0.2. Hukumar Lafiya ta Duniya da Turai sun gina lissafinsu a kan cewa kada ruwan sha ya ƙara wa mutum fiye da milisibat 0.1 a shekara (milisibat ma'auni ne na tururin da jiki ya karɓa), alhali matsakaicin abin da kowane ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama ya kai milisibat 2.4. A ɗaya gefen kuma, jihar California ta fitar da burin lafiya a 2006 wanda ya yi ƙasa da iyakar tarayya sau ɗari ko fiye, domin ta gina shi a kan haɗarin mutum ɗaya cikin miliyan.

Wannan tazara ce ta haifi kanun labaran watan Janairun 2018, lokacin da ƙungiyar kare muhalli ta EWG ta ce Amurkawa miliyan 170 suna shan ruwa mai radiyom. Maganar gaskiya ce, amma an samu radiyom daban, ya haura doka daban. A cikin rahoton kansa, tsarin ruwa 158 ne a jihohi 27, masu shayar da mutum 276,000, suka haura iyakar doka tsakanin 2010 da 2015. Wanda ya karanta adadi na farko kaɗai zai firgita fiye da kima, wanda kuma ya riƙe na biyu kaɗai zai manta cewa an tsara iyakar doka ne da la'akari da kuɗin tacewa, ba da lafiya zalla ba. Akwai kuma batun amana. A jihar Texas 'yan jarida sun bankaɗo cewa hukumar muhalli ta jihar ta shekara tana cire adadin kuskuren awo daga sakamakon gwaji kafin ta rubuta shi, abin da ya sa wasu garuruwa da suka haura iyaka suka bayyana a takarda kamar ba su haura ba.

Garin Waukesha na Wisconsin, mai mutum kusan 70,000, ya nuna irin tsadar gyara. Ya shekara yana zuƙar ruwa daga dutsen yashi mai zurfi har matakin ruwan ya yi ƙasa sosai, kuma radiyom ya haura iyaka. Tafkin Michigan na nan kusa, amma garin yana wajen kwarin da ruwansa ke gangarawa tafkin, saboda haka sai da jihohi takwas masu iyaka da Manyan Tafkuna, waɗanda Tafkin Michigan ke cikinsu, suka amince a 2016, bisa sharaɗin a mayar da ruwan da aka yi amfani da shi bayan an tace. Aikin ya ci kusan dala miliyan 286, kuma sai a Oktoban 2023 sabon ruwan ya fara zuba a famfunan garin. Ƙasar Jodan kuwa gaba kura ce baya siyaki. Tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin ruwa a duniya, kuma babban abin dogaronta shi ne tsohon ruwan Disi da ke kwance cikin dutsen yashi a kan iyakarta da Saudiyya. A 2009 wani bincike ƙarƙashin jagorancin masani Avner Vengosh ya nuna radiyom a wasu rijiyoyin ya ninka ma'aunin duniya har sau 20. Ba a fasa aikin ba, domin ƙishirwa ba ta jira. A 2013 aka buɗe bututu mai tsawon kilomita 325 zuwa Amman, kuma mafitar da aka ɗauka ita ce gauraya ruwan da wani marar radiyom kafin ya isa gidaje. Irin wannan dutsen yashi ya shimfiɗu a ƙarƙashin wasu ƙasashen Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka, kuma duk inda ruwan sama ya gaza aka koma haƙa mai zurfi, tambayar radiyom tana jira a ƙasa.

Cire radiyom daga ruwa ba abu ne da ya gagari ilimi ba, kuma kamanninsa da kalsiyom da ya zama masifa a jiki shi ne ya zama sauƙi a wajen tacewa. Duk hanyar da ke cire kalsiyom daga ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa tana tafiya da radiyom. Na'urar laushin ruwa, wadda ke ɗauke da ƙananan ƙwallaye masu kama kalsiyom su saki sodiyom a madadinsa, tana iya cire kusan kashi 90 cikin 100 muddin ana sabunta ta da gishiri a kan kari, idan kuwa aka yi sakaci ta cika, tana iya sako abin da ta tara. Na'urar da ke matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata mai ramukan da sai ruwa kaɗai ke ratsawa ita ma tana aiki sosai, kuma akwai ƙananan da ake ɗaurawa a famfon sha kaɗai. Manyan matatun ruwa suna amfani da farar ƙasa, ko su zuba sinadarin manganis wanda ke kwaikwayon tsatsar nan da ke kama radiyom a ƙarƙashin ƙasa, sannan su tace. Abin da ba ya aiki ma ya kamata a faɗe shi ƙarara, domin shi ne mutane suka fi yi. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya taɓa radiyom, hasali ma ruwan ne ke tashi ya bar shi a tukunya ya ƙara kauri. Kulorin ba ya cire shi, kuma matatar gawayi ta yau da kullum, mai gyara ɗanɗano da wari, ba don shi aka yi ta ba.

Tacewa ma ba ta kashe radiyom, wuri take sauya masa. Lakar da matata ta tara, da ruwan gishirin wanke na'ura, da yashin tacewa da ya tsufa, duk sun zama shara mai tururi da ake buƙatar sanin inda za a kai ta, kuma ma'aikatan matata na iya shaƙar radon da ke tashi daga gare ta idan ginin ba shi da iska. Ko cikin tsofaffin bututu, radiyom kan taru a ɓawon da ke liƙe a bango ya riƙa sakin radon cikin ruwan da ke wucewa. Radon kuwa matsala ce mai zaman kanta, domin ta huhu take shiga, kuma ita ce ta biyu bayan taba wajen jawo sankarar huhu.

Nauyin duk wannan bai faɗa a kan kowa daidai ba. Babban birni yana raba kuɗin matata a kan miliyoyin masu biya, ƙaramin gari mai rijiya ɗaya da gidaje ɗari biyu kuwa ba shi da wannan gata, shi ya sa yawancin masu karya doka ƙananan tsare-tsare ne na karkara. Wanda ya fi kowa zama a duhu shi ne mai rijiyar kansa. A Amurka sama da mutum miliyan 40 ke shan ruwan rijiyoyin gida, kuma dokar tarayya ba ta shafe su ba, babu mai zuwa ya auna musu. Gwajin da aka saba yi wa sabuwar rijiya na ƙwayoyin cuta ne da gishiri da tsami, kuma takardar da ta ce ruwa ya ci wannan jarrabawa ba ta ce komai a kan radiyom ba, sai an nemi gwajinsa da suna. Matakin farko mai sauƙin kuɗi shi ne auna jimillar tururin alfa da na beta, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa bekarel 0.5 da bekarel 1 a lita a matsayin alamar a zurfafa bincike. Gwajin alfa kaɗai bai isa ba, tunda radiyom-228 beta yake harbawa kuma zai wuce ba a gan shi ba. Idan ɗaya daga cikin biyun ya haura, sai a auna kowane irin radiyom daban, kuma a maimaita a lokuta dabam-dabam na shekara, domin adadin kan motsa gwargwadon yawan zuƙar da ake yi wa rijiyar da kuma shimfiɗin dutsen da ruwan ke fitowa daga ciki a lokacin.